Na Sa Yayata Ta Rushe Murhun Banda Saboda Batirin Mota

Hajiya Yasira, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin azumi saura mako uku, kuma in wata ya tsaya ban sami mafita ba to tawa ta ƙare. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filin nan ba. Ni mai karanta shi ne a waya ina yi wa mutane dariya, ina cewa ji sakarai an cuce shi ya zo yana kuka a bainar jama'a. Yau ga ni na shigo layi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya cuce ni. Da ƙafata na tafi, da bakina na yi ciniki.

Ni mutumin Wara ne, dillali. Babur, injin jirgin ruwa, injin ban-ruwa, waya, kayan sola, duk abin da yake da mai saye da mai sayarwa ina tsakiya. Daga Wara zuwa Yauri har Kontagora babu tashar da ba a san muryata ba. Na gama sakandare, na leƙa kwaleji shekara guda kasuwa ta kira ni na amsa. Ba yabon kai ba, in na kama igiyar inji na ja sau ɗaya na san shekarunsa da irin wahalar da ya sha. Mutane kan ɗauke ni takanas su kai ni ciniki don kada a rufe su. Na faɗi wanga ne don ki gane irin tudun da na faɗo daga kai.

Ina da yaya, Zainabu. Ita ta riƙe ni tun rasuwar Inna ina aji uku. Sana'arta bandar kifi, shekara ashirin da bakwai tana gaban wuta. Duk littafin da na taɓa buɗewa a makaranta warin hayaƙi yake yi, domin a ɗakinta yake kwana kuma da kuɗin banda aka saye shi. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya huɗu da injin jirgi guda. Hayaƙin nan ya cinye mata idon hagu gaba ɗaya. Na dama aka yi masa aiki bara, aka cire yana, ya dawo yana gani. Likitan ya faɗa mata a gabana cewa in ta koma gaban hayaƙi kada ta wahalar da kanta zuwa wurinsa, domin ba shi da ido na uku da zai saka mata. Ga kuma tarin da ke taso mata har sai ta dafa bango.

Wata huɗu ta yi a zaune. Hajiya, ba ki san Yaya ba. Na kai mata shinkafa ta maido mini, ta ce ita tuwon da ba ta yi wa gumi ba a maƙoshi yake tsaya mata. Ran nan na shiga gidan na tarar da damin itace biyu an jingine bayan ɗaki, ta ce wai na girki ne. Wane girki ake yi da itacen da ya kai cinyar mutum kauri? Nan na san tana shirin komawa.

Shi ne na kawo shawarar firiza. Na ce ta bar banda ta koma ɗanyen kifi, ta saya a bakin kwata in jirage sun sauka, ta ajiye a sanyi, masu gidajen abinci su zo su ɗauka. Wutar gwamnati a wurinmu baƙuwa ce, ba a ɗora tukunya da sunanta, man janareta kuwa kin san yadda ya koma. Sai sola. Yaya ta sayar da injin marigayi, abu guda da ta hana kowa taɓawa, ta sayi firiza babba ta hannu da farantan sola da inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta dace da firiza. Batiri ne na bugi ƙirji na ce ta bar mini, wanga gudunmawata ce.

Akwai Andrew, Bakambare mai haɗa sola a garinmu, mutum ne mai sanyin magana da ba ya son musu. Ya rubuta mini irin batirin da ya dace da girmansa a takarda. Na duba farashi na ce haba, sai ka ce zan sayi gona. A ranar ne kuma a tashar Kontagora na ji direbobi suna hirar motocin nan masu ruwa biyu, waɗanda suke tafiya da mai da lantarki, haibirid. Wani ya ce batirinsu bolt ɗari biyu ne. Na tsaya cak. Batirin da kowa ya sani bolt goma sha biyu ne. Na yi lissafi a ka tun kafin mai maganar ya rufe baki, ɗari biyu a raba sha biyu, batiri goma sha shida da ɗoriya ke nan a cikin akwati guda. Abin da ke tura mota da mutum biyar a ciki, firiza ce za ta gagare shi? Na ji kamar na tsinci dami a kala. Har tausayin Andrew na ji, na ce boko bai kai shi inda kasuwa ta kai ni ba.

Na tafi Kaduna wajen 'yan gwangwan masu sayar da kayan motocin da suka yi haɗari. A can na san ashe motocin iri uku ne. Akwai haibirid da ba a jona ta da wuta, injinta ke yi mata caji tana tafiya. Akwai mai ruwa biyun da ake jona wa wuta a gida kamar waya, ta yi 'yar tafiya da lantarki kafin ta koma kan mai. Sai mai lantarki zalla, wadda ba ta da tanki ko kaɗan. Batirin ta farkon ga su nan a jibge kamar buhunan albasa a kasuwar Yauri, sai wanda ka zaɓa. Na ta biyun wani mutum daga cikinsu ya ce guda ɗaya ya taɓa shigowa hannunsa a shekarar, kuma an ɗauke. Na ta ukun ya yi dariya ya ce sai Legas, can ɗin ma sai ka yi zaman jiran wani ya yi haɗari. Ni da na san kasuwa ya kamata in tambayi kaina me ya sa wannan yake a banza, waɗancan kuwa ake nemansu ruwa a jallo. Ban tambaya ba. Mutumin ma ya tambaye ni wace mota zan saka wa. Na ce ba ruwansa, ya faɗi kuɗinsa kawai. Tsorona kada ya gane hikimar ya ƙara farashi, ko ya riga ni fara sana'ar. Allah ya gani bai yi mini ƙarya ba. Bolt ɗari biyu na tambaya, bolt ɗari biyu ya ba ni.

Ranar da na sauke shi a Wara sai da bakin kwata ya cika. Na tsaya a kansa ina bayani kamar mai tallan magani. Na ce wanga shi ne batirin da Bature ya ɓoye wa talaka. Andrew ya zagaya shi, ya karanta rubutun jikinsa, ya ja ni gefe ya ce abin nan baki gare shi, ba shi da ciki, kuma ba a yi shi don wanga aiki ba. Ni kuwa a gaban mutane na ɗaga murya na ce ai dole ya kushe, tunda ba ta hannunsa aka saya ba la'ada ta wuce shi. Aka yi ta dariya. Andrew ya durƙusa gaban batirin. Ya sa safar roba ya kwance akwatin, ya fito da wasu abubuwa ashirin da takwas masu kama da ƙananan alluna, ya yi yini biyu yana sake jera su don su dace da inbata. Da ya gama ya ce ya yi ne don darajar Yaya, wadda yake kira Mama, ba don ya yarda ba.

Ga inda na fi cutar da ita. A makon nan na ce mata ta rushe murhunan bandarta guda uku, don kada zuciya ta riƙa raya mata komawa. Ta tsaya ta dube su. Ita ta gina su da hannunta, ta san wanda ya fi son tarwaɗa da wanda ke ƙona gargaza in an yi sakaci. Da kanta ta ɗauki taɓarya ta farfasa su. Ragar wayar da ake shimfiɗa kifi a kai ta ba maƙwabciyarta Hussaina kyauta. Ta aika wa Ɗanbaba mai kawo mata itace shekara da shekaru cewa ya nemi wata. Masu zuwa sarin banda daga kudu ta haɗa su da wasu matan. Ta yanke duk wata igiya, saboda ƙanenta mai wayo ya ce an gama.

Firizar a shagona take, kusa da kwata. Da rana aiki take kamar me. Rana tana faɗuwa inbata ta fara kuka, kafin a kira isha'i komai ya mutu. Washegarin ranar farko na riga kowa zuwa, na buɗe na tarar da kwano biyu na gargazar da ta shigo da la'asar ta yi laushi, ido ya faɗa. Na kwashe na zubar a tafki, na ruga bakin ruwa na sayi wata mai kama da ita na zuba. Yaya ta zo ta ga kifi garau, ta ɗaga hannu tana yi mini addu'a.

Tun daga ranar nake sayen ƙanƙara. Motar la'asar ke kawo mini daga Yauri cikin buhun buntun shinkafa, an rubuta sunan wani a jiki. In Yaya ta tafi gida gab da magariba sai in jera ta ƙarƙashin kifin in rufe da leda, da sassafe in kwashe abin da ya rage in tsane ruwan. Makulli yana hannuna, na ce mata na'urar ba ta son hannu biyu. Ran da ta taɓa ƙasan ta ji jiƙe, na ce ai sabuwar fasaha ce, takan yi gumi. Mako bakwai ke nan ina wagga rayuwa. Na daina zuwa kasuwannin nesa don kada magariba ta riske ni a hanya. Dillalin da ba ya yawo kuwa kin san abin da ya rage masa.

Yanzu abubuwa uku sun haɗe mini. Wata mai gidan abinci a Kontagora ta yi magana da Yaya, tana son giwan ruwa da ragon ruwa duk mako har a sha ruwan ƙarshe, a tara mata ta aiko mota ranar Asabar. Wato a cika firizar maƙil, kifi ya kwana biyar ko shida a ciki. Yaya ta amsa, har ta gaya wa masunta su riƙa ajiye mata manya. Na biyu, mai ƙanƙarar ya ce da azumi kada in sa rai, masu sayen ta buɗa-baki ma layi suke yi. Na uku, Andrew ya zo ya taɓa allunan nan da tsakar rana ya ji sun yi zafi, biyu har sun kumbura. Ya ce ba zai sake sa musu hannu ba, kuma in ban faɗa wa Mama gaskiya kafin azumi ba shi zai faɗa. Na roƙe shi, na yi masa barazana, na yi masa daɗin baki. Ya ce shi dai ba zai zuba ido shago ya kama da wuta da mutum a ciki ba.

Sai ga waya daga Kaduna. Mutumin nan ya ce batirin mai jonawa ya shigo, bolt ɗari uku da wani abu, mutum biyu ba sa ɗaga shi. Ya ce in kuma zan iya jira, akwai labarin na mai lantarki zalla daga Legas. Zuciyar dillali ta ce mini in ƙara jefa ƙugiya, wataƙila wancan ƙarami ne shi ya sa, babban zai rufa asiri ba tare da kowa ya ji ba. Wata zuciyar kuma ta ce wanda ya kasa gane na farko, da wane ido zai gane na biyu.

Hajiya, ba kunyar bakin kwata ce ta fi damuna ba, ko da yake ita ma tana nan, domin in labarin ya fita yara ma sai sun yi mini waƙa. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne Yaya ta yi kyau. Tarin ya ragu. Idon ya washe, shekaranjiya na gan ta tana zura zare a allura tana dariya ita kaɗai. Tufafinta sun daina warin hayaƙi. In na faɗa mata firizar nan ƙarya ce, na san ta, ba za ta yi kuka ba kuma ba za ta zage ni ba. Za ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, washegari ta tafi ɗibar laka. Laka kyauta ce, kwana uku murhu ya tsaya. Injin mijinta ya tafi, abokan cinikinta sun tafi, sai idon nan guda ya rage mata, shi ma ni zan zama sanadinsa.

Don haka ki tambayar mini masana. Tsakanin batirin mai jonawa da na mai lantarki zalla, wanne zai riƙe firiza har safe? Kuma akwai hanyar da zan gyara wanga abu ba tare da ta sani ba? Na yi addu'a, na yi lissafi, na rasa ta kamawa. In kin ga dama ki zage ni, na cancanta, amma ki ba ni amsa.

Naki,
Dillalin da ya sayi kunya da kuɗinsa, daga Wara

*

Ɗan'uwana mutumin Wara,

Ba zan zage ka ba, ka riga ka yi wa kanka wanda ya isa. Mutumin da ya yi mako bakwai yana jigilar ƙanƙara don kada 'yar'uwarsa ta koma gaban hayaƙi ba mugu ba ne. Amma ka yi tambaya biyu, kuma ta biyun ce ta fi nauyi, don haka bari in sallami ta farkon da wuri.

Na kai wasiƙarka wurin wani injiniya da ke gyaran irin waɗannan motoci. Ya ce kuskurenka ba kai kaɗai ka taɓa yin sa ba. Bolt ƙarfin turi ne, ba yawan abin da ke ciki ba. Kai ɗan bakin ruwa ne, ka san ƙoramar da ke gudu da ƙarfi har ta kayar da mutum, amma rani na yi ta ƙafe, ka kuma san tafki da ke kwance shiru ya shekara. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne yunit nawa batirin yake riƙewa, irin yunit ɗin da ake saye a mitar wuta. Batirin haibirid irin naka, yana sabo fil, yunit ɗaya da ɗan kai yake riƙewa, kusan daidai da babban batirin sola guda ɗaya mai bolt sha biyu. Ba sha shida ka sayo ba, ɗaya ka sayo, shi ma tsoho. Aikinsa a mota shi ne ya ɗan tallafa wa inji na 'yan daƙiƙu lokacin tashi, ya karɓi caji lokacin taka birki. Ba a yi shi don ya ɗauki kaya tun magariba har hantsi ba.

Na mai jonawa ya fi shi ciki nesa ba kusa ba, yakan riƙe yunit takwas zuwa goma sha wani abu. Na mai lantarki zalla kuwa daga arba'in ne zuwa sama. Shi ya sa kasuwar ta zo maka a yadda ka gan ta. Kayan da za a haɗa batirin mai lantarki zalla guda ɗaya da su sun isa a yi na mai jonawa biyar ko shida, ko na haibirid gommai. Ga shi kuma haibirid ce ta fi shigowa ƙasar nan, ta daɗe tana shigowa, batiranta sun tsufa ana ta cirewa. Yawansu a wurin 'yan gwangwan alama ce ta cewa sun gama aiki.

A takarda, batirin mai jonawa zai iya riƙe firiza. A shagonka, a'a. Ba ka san abin da haɗari ya yi masa a ciki ba. Na'urar da ke lura da zafinsa da cajinsa tana tare da motar, ba za ta biyo shi Wara ba. Bolt ɗari uku yana kashe mutum nan take, wutar irin wannan batiri kuma in ta tashi guga ba ya kashe ta. In ɓangare guda ya lalace, za ka koma zaman jiran wani ya yi haɗari a Legas. Ka kira mutumin Kaduna ka ce ka gode. Allunan da suka kumbura kuma a cire su yau, a fitar da su daga inda mutane ke zama. Wannan ba ya jiran azumi.

Abin da zai yi maka aiki ba a mota yake ba. Ka nemo takardar da Andrew ya rubuta maka tun farko, ka sayi batirin da aka yi don sola, mai garanti, wanda in ya samu matsala akwai wanda za a kama. Injiniyan ya ƙara da cewa a ƙara faranti ko biyu, a cika gefen firizar da robobin ruwa su daskare da rana su riƙe sanyi bayan faɗuwarta, a kuma ware kula, wato akwatin ƙanƙara, dabam don cinikin yini, domin firizar da ake buɗewa sau talatin ba ta daskarar da komai. Kifin la'asar kada ya yi yawa, domin ba zai samu daskarewa kafin rana ta faɗi ba. Za ka ce tsada. Dillali ba ya rasa abin sayarwa, ka duba ɗakinka da ƙofar gidanka. Ita ba ta tsaya duba tsada ba da ta saki injin mijinta.

Yanzu tambaya ta biyu. Babu hanyar da za ka gyara wannan ba tare da ta sani ba, kuma ko akwai ba zan nuna maka ba.

Na fahimci tsoronka, kuma ba tsoron banza ba ne. Mai yiwuwa ta tafi ɗibar laka kamar yadda ka ce. Amma dubi abin da shirunka yake shirya mata. Ta ɗauki alkawarin da kayanta ba za su iya cikawa ba. Ran da motar Kontagora ta zo aka buɗe firiza cike da giwan ruwan da ya lalace, ba sunanka zai ɓaci ba, nata ne, a wurin mai saye da wurin masuntan da suka hana wasu suka ajiye mata. In kuma bai lalace ƙarara ba, aka dafa wa masu azumi suka kwanta ciwo, wannan ya fi muni. A ranar ba ta da firiza, ba ta da suna, kuma ba ta da ƙanen da za ta yarda da maganarsa. Wannan ce ranar da babu makawa za ta koma hayaƙi. In ka faɗa mata yanzu, da sauran abin da za a ceta.

Akwai kuma abin da ban ji daɗinsa ba a wasiƙarka. Tun daga farko kai kake yanke mata hukunci. Kai ka zaɓi sana'ar, kai ka ce a rushe murhu, kai kake tace abin da ya kamata ta sani. Matar da ta riƙe gida shekara ashirin da bakwai, ta yi maka karatu da guminta, ba yarinya ba ce. Idon nata ne, ta fi ka sanin darajarsa, ita ce ta san yadda duniya take da guda ɗaya. Ta nemi komawa banda ne don ta ga babu wata hanya. Yanzu ta ɗanɗana wata, ta ji daɗinta, ta samo mai saye da kanta. Kada ka raina abin da za ta iya yi don ta riƙe ta in ta san gaskiyar inda matsalar take. Ina ma shakkar cewa hannun da ya shekara haka yana juya kifi bai san bambancin wanda ya daskare da wanda ya kwana kan ƙanƙara ba. Wataƙila ba kai kaɗai kake rufa wa wani asiri a shagon nan ba.

Ka fara da Andrew. Ka ci masa fuska a gaban jama'a alhali gaskiya ya faɗa maka, to a gaban jama'a za ka wanke shi. Za a yi maka dariya mako guda ko biyu. Dillalin da ya fito ya ce na yi kuskure, ga yadda abin yake, kada wani ya saya, mutane sun fi sake ba shi amana fiye da wanda aka tono. Daga nan ku tafi wurin Yaya tare, kai ka yi magana, shi ya yi bayanin gyaran da ranar da za a gama. Kada ka je mata da ban-haƙuri kaɗai, ka je da abin da ka riga ka sayar da abin da za a sayo.

Ita ma mai gidan abincin a kira ta tun yanzu. Yaya ta nemi a riƙa ɗaukar kifin duk bayan kwana biyu, kaɗan-kaɗan, har a tabbatar firizar ta tsaya da ƙafarta. Mai saye ya fi son a rage masa da gaskiya da a cika masa da ruɓaɓɓe. Kafin a zuba kifin kowa, a gwada sabon haɗin kwana uku da robobin ruwa kawai, ita da kanta ta riƙa buɗewa da safe tana dubawa.

In duk da haka ta ce sai ta haɗa da banda, kada ku yi faɗa. Akwai murhun zamani mai rufi da bututun da ke fitar da hayaƙi sama, ka yi tambaya wajen masu harkar kifi a New Bussa. Ta sa wata ta kula da wutar, ita ta tsaya kan saye da sayarwa. Ku koma wurin likitan tare ya faɗi iyakar abin da idon zai iya ɗauka.

Ka ce ba za ta zage ka ba. Ina fata ta zage ka, domin ta cancanci wannan sauƙin, kai kuma ka tsaya ka sha ba tare da ka kawo wayo ba. Kada ka jira Andrew ya riga ka, kada kuma ka jira ganin wata. Gobe da safe, kafin ta karɓi kifin kowa.

Allah ya kiyaye mata ganinta, ya sa albarka a sabuwar sana'arta, ya ba ka ƙarfin halin buɗe baki. Ya kai mu azumi lafiya.

Hajiya Yasira